Tayar Mota a Ƙafar Bayan Babur: Amsa ga Mai Gold Wing

"Assalamu alaikum Malam Injiniya. Na sayi babur ƙirar Honda Gold Wing 1800, samfurin 2008, ɗan gwanjo daga Amurka. Da ya iso sai na tarar tayar baya ta mota ce, an rubuta 195/55R16 a jikinta. Dillalin ya ce haka mahaya da yawa suke yi a can, wai ta fi ta babur ƙarko da araha, har ma ta fi kama ƙasa. Bakanikena kuma ya ce in cire ta tun kafin ta kayar da ni. Niyyata in riƙa zirga-zirga da shi tsakanin Kaduna da Abuja da Jos, wani lokacin da uwargida a baya. Maganar wa zan bi?"

Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya sanya alheri, ya kuma tsare hanya. Idan na fahimce ka, tambayarka kashi biyu ce: ko gaskiya ne ana sa wa babur tayar mota da gangan, sannan ko ya dace kai ka ci gaba da hawa a kanta a kan hanyoyin da ka ambata. Dillalin bai yi maka ƙarya ba game da kashi na farko, domin al'ada ce da ta daɗe a tsakanin wasu mahaya manyan babura a Amurka da Kanada. Game da kashi na biyu kuwa ina tare da bakanikenka, amma ba zan ce maka ka cire ta kawai in yi shiru ba, saboda masu wannan al'ada suna da hujjoji na gaske, kuma wanda bai ji su daga bakin mai adawa da su ba, ranar da ya ji su daga bakin masu yi zai ɗauka an ɓoye masa wani abu.

Inda al'adar ta samo asali

Masu yin haka suna kiran kansu 'yan Darkside, wato 'yan ɓangaren duhu, kuma mafi yawansu masu manyan baburan doguwar tafiya ne irin su Gold Wing da Honda Valkyrie da manyan Kawasaki Vulcan. Dalilinsu na farko kuɗi ne. Babur irin naka ya haura kilo 400 kafin kowa ya zauna a kai, kuma idan aka ɗora mutum biyu da kaya, yawancin ƙarin nauyin a kan ƙafar baya yake sauka. Ita ce kuma ƙafar da injin mai silinda 6 yake murzawa. Sai ka haɗa wannan da irin hanyoyinsu: babban titin I-10 a cikin jihar Texas kaɗai ya haura kilomita 1,400, fiye da nisan Kano zuwa Legas, kuma mafi yawansa miƙaƙƙe ne. Akwai ma ƙungiyar Iron Butt da ke ba da shaida ga wanda ya yi mil 1,000 cikin awa 24. Mutumin da ke irin wannan tafiya, tsakiyar tayarsa ce kaɗai ke cin kwalta, sai ta suɗe a tsakiya alhali gefunanta suna nan kamar sababbi, ya jefar da taya mai tsada wadda rabin robarta bai taɓa ƙasa ba. Tayar mota kuwa an yi ta ne don ta shimfiɗa faɗinta gaba ɗaya a kan titi, zanenta ya fi zurfi, kuma saboda ana ƙera ta da yawa ta fi araha. Masu amfani da ita suna cewa tana yi musu ninki biyu ko fiye na tafiyar da tayar babur ke yi, kuma ban ga dalilin ƙaryata su a kan wannan ba.

Lambar da ka gani a jikin tayarka ba a zaɓe ta da ka ba. Tayar da kamfanin Honda ya tsara wa ƙafar bayan wannan samfurin, daga 2001 zuwa 2017, ita ce 180/60R16. Idan ka yi lissafi, tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 622 ne, ita kuwa 195/55R16 kusan 621, wato tsayinsu ɗaya, don haka agogon gudu da na'urar birkin ABS ba sa ganin bambanci. Ta fuskar ɗaukar nauyi ma tayar motar ce a gaba: ta babur tana da lamba 74, wato kilo 375, yayin da ta mota mai wannan girma takan zo da lamba 87, wato kilo 545. Wasu kuma suna zaɓar irin wadda ake iya ci gaba da tafiya a kanta na ɗan nisa ko da ta sace, abin da ke da amfani ga wanda ƙusa ta same shi a daji. Wanda ya sa wa babur ɗinka wannan taya ya san abin da yake nema. Abin tambaya shi ne me ya bayar a madadin abin da ya samu.

Yadda babur yake shan kwana

A nan ne zan ɗan daɗe, domin duk gardamar a nan take. Mota tana shan kwana ne a tsaye. Direba ya murza sitiyari, tayoyin gaba su juya, dukkan huɗun kuma su ci gaba da zama kusan a miƙe, shi ya sa aka yi fuskar tayarta a baje, da kafaɗu masu kusurwa a gefe biyu. Babur ba ya iya haka. Da zarar gudu ya wuce na tafiyar ƙafa, dole ya kwanta zuwa ɓangaren da zai nufa, kuma gwargwadon kwanciyar lissafi ne da ba ya sauraron ra'ayin kowa: a gudun kilomita 60 cikin awa, a kwanar da ke da faɗin mita 50 daga tsakiyarta, sai babur ya kwanta kusan digiri 30, ko wace irin taya ke ƙarƙashinsa. Saboda haka aka yi fuskar tayar babur a zagaye kamar bayan ƙwarya, yadda duk inda aka kwantar da ita akwai roba mai zane da za ta tarbi kwalta, kuma wurin da take taɓa ƙasa yana matsawa daga tsakiya zuwa gefe sannu a hankali, ba tare da tsalle ba. Wannan zagayen da kansa yana taimaka wa kwanar, kamar yadda kofi mai baki faɗi da gindi siriri yake kewayawa idan aka mirgina shi a ƙasa.

To, ka kwantar da taya mai fuska a baje digiri 30. Gefe ɗaya zai nemi ɗagawa, nauyin ya koma kan kafaɗa ɗaya. Masu adawa da al'adar sukan ce babur yana komawa ne kan siririn layi kamar bakin wuƙa, su kuma 'yan Darkside sukan nuna hotunan bidiyo da suka ɗauka daga ƙarƙashin babur, inda ake ganin jikin tayar yana lanƙwasa har wani yanki mai faɗi na fuskarta ya ci gaba da zama a ƙasa. A wannan gaɓar su ne suka fi kusa da gaskiya, domin gefen tayar mota yana da laushin da zai lanƙwasa. Sai dai wannan lanƙwasar ita ce abin da ya fi damuna. Ana tilasta wa gefe ɗaya na tayar ya ɗauki nauyin da aka tsara gefe biyu su raba, yana naɗewa yana buɗewa a kowane juyi, kuma naɗewar roba da zaren cikinta ita ke haifar da zafi. Da yawansu ma sukan rage iska zuwa wajen awo 30 a gejin iska (psi), maimakon 41 da Honda ta rubuta wa tayar baya ta asali, don tayar ta ƙara yin laushi a kwana, wanda hakan ƙarin naɗewa ne da ƙarin zafi. Babu kamfanin taya da ya ƙera tayar mota da nufin ta yi wannan aiki, kuma gwaje-gwajen da take ci kafin a sayar da ita ba su ƙunshi kwanciya irin ta babur ba.

Abu na biyu shi ne wurin da tayar ke taɓa ƙasa yana yin nisa da tsakiyar babur. Idan ya koma kan kafaɗa, ya matsa santimita 7 ko 8 zuwa gefe, kuma daga can ƙasa tana tura babur ɗin ya miƙe. Shi ya sa duk wanda ya hau irin wannan babur zai gaya maka cewa sai ya ci gaba da danna hannu a duk tsawon kwanar, da ya sassauta babur ya nemi tashi tsaye ya fita waje. Tayar gaba zagayayya tana son kwanciya, ta baya tana ƙi, mahayi ne a tsakiya yake sasanta su da ƙarfin hannunsa.

Na ji wannan da jikina. Shekarun baya an kawo mana wani Gold Wing gareji da irin wannan taya, kuma kafin mu taɓa shi na fita da shi gwaji kamar yadda nake yi wa kowane babur. A miƙaƙƙen titi mai kyau ban sami abin kushewa ba, ya zauna daram, birkin baya ma ya kama sosai. Amma da na zo inda manyan motoci suka tauna kwalta ta yi kwari biyu, sai na ji ƙafar baya tana bin gangaren kwarin da kanta, tana karkatar da babur ɗin ba da izinina ba. Da na sauka daga kwalta zuwa gefen hanya a hankali, inda bakin titin ya fi ƙasa tudu, kafaɗa ɗaya ta hau tudun ta tura ni gefe har sai da na sa ƙafa da ƙarfi. Taya zagayayya tana taɓa ƙasa kusa da tsakiyarta ko da ƙasar ta karkace. Mai fuska a baje kuwa tana neman ta kwanta daidai da ƙasar, ta ja babur ɗin ya bi ta. Mahayan Amurka da kansu suna ambaton wannan hali, suna cewa ana sabawa. Na yarda ana sabawa, amma ka dubi hanyoyin da ka lissafa. Titin Kaduna zuwa Abuja hanyar tirela da tanka ce, kuma idan ka bi ta Akwanga zuwa Jos akwai Hawan Kibo, kwana a kan kwana a kan gangare, ga manyan motoci suna saukowa. Abin da yake ɗan abin haushi ne a kan titin Texas, a irin waɗannan hanyoyin namu zai iya zama dalilin da babur ya ƙi shiga kwana a daidai lokacin da babu sararin gyara.

Leɓen taya da wili

Akwai wani ɓangare da ba a gani da ido, kuma mu masu aikin hannu shi muka fi jin tsoro. Abin da ke riƙe taya marar tif a kan wili shi ne leɓenta, wanda ke da zoben waya a ciki, yana zama a wata kujera da aka fafe masa a jikin wilin, da ɗan tudu a bayansa da ke hana shi zamewa ciki. Duk da cewa an rubuta inci 16 a kan tayoyin biyu, sifar wannan kujera da tsayin bakin wilin da wurin da tudun yake ba ɗaya ba ne tsakanin wilin mota da na babur, kowanne da ma'auninsa. Shi ya sa za ka ga an buga M/C a jikin tayoyin babur, alamar cewa na wilin babur ne. Leɓen tayar mota yana iya hawa wilin babur ya riƙe iska, amma ba ya zama yadda aka tsara, kuma a kwana, lokacin da ƙarfi ke jan tayar ta gefe, wannan leɓen ne kaɗai tsakaninka da fitar iska gaba ɗaya.

Haɗarin ma yana farawa tun a wurin mai faci. Kamfanonin taya suna gargaɗin kada a wuce awo 40 na iska wajen zaunar da leɓe, amma tayar mota a kan wilin babur sau da yawa ba ta zama a nan, sai an yi ta bunƙa mata iska fiye da haka kafin ta yi ƙara ta hau. Idan wayar leɓen ta tsinke a wannan hali, tayar za ta yi bindiga a fuskar yaron da ke tsugune a kanta. Idan kuma ba ta tsinke ba amma ta ji rauni, babu wanda zai sani sai a kan hanya. Wannan ne dalilin da ya sa shagunan babura da yawa a Amurka ba sa yarda su sa ta, ni ma ba na sa wa yarana su yi.

Hujjar "na yi shekaru ban faɗi ba"

Wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi, kuma ba na raina ta. Akwai mutane masu hankali da ƙwarewa da suka yi dubban ɗaruruwan kilomita a kan tayar mota lafiya lau. Abin da wannan ya tabbatar shi ne cewa tayar ba ta kayar da mutum a tafiya ta yau da kullum, a hannun ƙwararre, a kan titi mai kyau. Amma ba don tafiyar yau da kullum kaɗai ake zaɓar taya ba. Ana zaɓarta ne don daƙiƙa biyun da akuya ta faɗo titi, ko mai mota ya buɗe ƙofa, ko kwana ta matse fiye da yadda aka zata ga yashi a bakinta, inda dole babur ya faɗa gefe nan take ya dawo nan take. Mahayi zai iya yin shekara biyar bai gamu da wannan ba, don haka shekarunsa biyar ba su gwada abin da muke magana a kai ba. Sannan waɗanda ke ba da labari su ne waɗanda abin ya yi wa daɗi. Wanda ya gwada ya ji tsoro ya cire yakan yi shiru ne kawai. Ga kuma bambanci tsakaninka da su: mutumin da ya sa tayar ya san yadda babur ɗin yake a kan tayarsa ta asali, ya zaɓi canjin da idonsa a buɗe, ya koyi halinta a hankali. Kai kuwa gadonta ka yi, kuma idan wannan ne babban babur ɗinka na farko, hannunka zai koyi halin da ba na Gold Wing ba yana zaton nasa ne. Uwargida da ke baya kuma ba ta zaɓi komai ba.

Ta fuskar doka ƙasashe sun bambanta. A Amurka ƙa'idar gwajin tayar babur daban take da ta ƙananan motoci, ta farko mai lamba 119, ta biyu 139, haka ma a Turai akwai ƙa'ida ta 75 ga babura da ta 30 ga motoci. A Ingila kuwa, babur mai ƙafa biyu da ya je gwajin lafiyar abin hawa na shekara-shekara da tayar mota ba zai ci ba, domin an ambace ta a cikin tayoyin da ba su dace ba. Idan kana da inshora mai cikakken biya, ka sani cewa sa wa abin hawa kayan da maƙerinsa bai amince da su ba ƙofa ce da kamfani zai iya bi ya yi maka gardama ranar biya.

Akwai inda taya mai fuska a baje take daidai, wato duk abin hawan da ba ya kwanciya. Babur mai akwatin fasinja a gefe yana da tayoyinsa masu faɗin fuska, Harley-Davidson Tri Glide mai ƙafa uku yana tafiya da tayoyi irin na mota a baya, kuma A Daidaita Sahu ɗinmu mai tayar 4.00-8 misali ne da kowa ya sani. Ƙananan baburanmu irin su Boxer ba su ma shiga wannan gardama ba, domin tayarsu siririya ce mai faɗin wajen inci 3 a kan wili mai inci 17, babu tayar motar da za ta shiga wurin. Amma duk ɗan acaɓar da ya bar tayar bayansa ta suɗe a tsakiya har ta yi kusurwa ya ɗanɗani irin abin da na bayyana, domin zai ji babur yana ƙin kwanciya, sannan ya faɗa kwanar gaba ɗaya.

Abin da zan yi da babur ɗinka

Ban ga babur ɗin ba, kuma irinsa da suka biyo ta hannuna da tayar mota ba su da yawa idan aka kwatanta da abin da bakanike a Amurka yake gani, don haka ka haɗa maganata da idon wanda zai duba shi a gabanka. Amma da a garejina yake, zan cire tayar in mayar da 180/60R16 ta babur mai lamba 74H (H ɗin alamar iyakar gudun da tayar ke jurewa ce). Bridgestone da Dunlop da Avon da Metzeler duk suna yin wannan girman. Idan ƙarko ne damuwarka, ka nemi irin wadda aka yi wa roba biyu, mai tauri a tsakiya da mai laushi a gefe, kamar Dunlop Elite 4, domin an yi ta ne daidai don matsalar da ta tura mutane ga tayar mota. Na san samun wannan girman a kasuwanninmu yana da wuya kuma da tsada, wani lokacin sai an yi oda an jira, amma kada wannan ya kai ka ga tayar gwanjo da ba ka san tarihinta ba.

Ka duba tayar gaba ma. Ya kamata ta zama 130/70R18, kuma ina faɗin haka ne saboda wasu 'yan Darkside sukan ɗauki tayar bayan wani babur su sa a gaba don ita ma ta daɗe. Zai fi kyau ka canza biyun tare, kamfani ɗaya samfuri ɗaya. A jikin kowace taya akwai lambobi 4 a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Babur ɗan gwanjo yakan daɗe a ajiye kafin ya hau jirgi, kuma kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara idan ta kai 5, a sauya ta idan ta kai 10 ko da zanenta na nan.

Idan an cire tayar, a wanke wilin a duba bakinsa da kujerar leɓen da kyau, ko akwai lanƙwasa ko tsagewa ko wurin da ƙarfen banɓara ya ci, a sa sabon bawul, a kuma yi balans. A duba cikin madigadi da hannun da ke riƙe ƙafar baya ko akwai alamar goga, tunda tayar motar ta fi faɗi. Aikin ba shi da wahala a wannan samfurin, domin hannu ɗaya ne ke riƙe ƙafar, da notuna 5 kamar na mota. Bayan haka ka riƙe iska 36 a gaba da 41 a baya, ka auna da safe kafin taya ta ɗauki zafi, da gejinka na kanka, domin rashin isasshiyar iska da yawan lodi ne suka fi cinye tayar baya da wuri. Sabuwar taya tana da ɗan santsi, don haka ka yi kilomita 150 na farko a hankali kai kaɗai, kana ƙara kwanciya kaɗan-kaɗan. A kwanakin farko za ka ji kamar babur ɗin yana saurin faɗawa kwana, saboda hannunka ya saba da danna wadda take ƙi. Ka ba shi mako ɗaya a cikin gari kafin ka ɗauki uwargida zuwa Jos.